Lahadin da Ammi Bakur Ya Shiga Kogin Mutane

Ranar wata Alhamis ce cikin watan Agusta na 1997, bayan sallar La'asar, a shagon ɗinkin Malam Haruna da ke unguwar Karantina a Jidda. Akwai shi mai shagon, da Alhaji Isa mai sayar da turare a kasuwar Balad, da Sale direba, sai ni. Ban gama shan shayina ba Sale ya sake ɗauko tambayar da kowa yake yi mini tun da na dawo: wai da gaske ne Turawa suna tsayawa cikin ruwan sanyi wuni guda don kifi ɗaya, wani lokaci ma in sun kama su sake shi? Na ba su labari har aka kira Magariba, kamar yadda na ba mutanen ofis da maƙwabta. Sai na ga gara in rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya tambaya in miƙa masa. Na nemi izinin Ammi Bakur, tunda rabin labarin nasa ne. Ya ce in rubuta, amma kada in ƙara wa kifin tsawo.

Ina aiki ne a sashen Hausa na gidan rediyo, fassara da karanta labarai. Akwai wani attajiri a nan Jidda, Abu Faisal, mai shigo da injinan ban ruwa, wanda nakan taimaka wa da fassara in na tashi aiki. Abokin cinikinsa, Bature mai suna Mista Ros, ya gayyace shi kamun kifi na mako biyu a wani kogi da ke arewacin Scotland. Turancin Abu Faisal na ciniki ne, ba ya kai shi hira, don haka ya ce in ɗauki hutu in bi shi in yi masa tafinta. Na ukunmu kukunsa ne, Ammi Bakur, saboda Abu Faisal yana da ciwon suga kuma ba ya cin girkin kowa sai nasa.

Sunan Ammi Bakur Abubakar, amma ba mai kiransa haka. Ya doshi sittin. A Jidda aka haife shi. Iyayensa sun zo hajji a ƙasa daga wajen Maraɗi, suka zauna. Hausarsa rabi Larabci ce. Fasfonsa na Nijar ne, ƙasar da bai taɓa takawa ba, kuma zamansa a garin da aka haife shi, da na matarsa da 'ya'yansa mata biyu, duk a kan iƙamar, wato takardar izinin zama, da Abu Faisal ya tsaya masa yake. Ran da kafili, wato wanda ya tsaya maka, ya janye hannu, sai jirgin Yamai.

A filin jirgin Landan wannan fasfon ya tsayar da mu. Jami'in ya tambayi adireshinsa na gida, na fassara, Ammi Bakur ya ce Karantina, bayan tankin ruwa. Jami'in ya ce a Nijar yake nufi. Na ce ba shi da shi. Ya ce yaushe rabonsa da can? Na ce bai taɓa zuwa ba. Mutumin ya ajiye biro, ya kira abokin aikinsa, suka yi ta juya fasfon kamar za su ga amsa a bayansa, sai da Abu Faisal ya matso ya yi bayani aka buga mana hatimi. A wurin kwastan aka buɗe buhun kicin: shinkafa, hel na ƙamshin gahawa, busasshen lemun tsami, butar gahawa, da gwangwanin man shanu. Man kaɗai suka riƙe. Har muka shiga jirgin ƙasa Ammi Bakur yana tambayata me man ya yi musu.

Wuni guda muka yi muna arewa. Abin da ya fi ba shi mamaki ba gine-gine ba ne, shirun mutane ne. Taragu cike, ba mai gaida wani. Ya miƙa wa wata tsohuwa da ke fuskantarmu dabino, ta ɗauki ƙwaya ɗaya, ta yi godiya har sau uku, ta naɗe shi a takarda ta jefa cikin jaka. Da muka fara ganin tumaki birjik a kan tuddai ba makiyayi, ya daɗe yana leƙe ta taga, sannan ya ce ko dai mutanen ƙasar nan waliyyai ne, ko kuwa ba su san daɗin rago ba.

Masaukinmu wani tsohon gidan dutse ne a gefen kogin, wata dattijuwa, Madam Jin, ke kula da shi. Wai bazara ce a wurinsu, amma ni riga uku nake sakawa. Banɗaki ba buta, famfo kuma biyu ne a rabe, ɗaya yana ƙona hannu, ɗaya kamar ƙanƙara, sai da Madam Jin ta ba mu wani jug ɗin shuka furanni muka riƙa haɗa ruwan alwala. Daren farko na tarar da wata jakar roba mai ɗumi cikin bargo. Ni na gane ta ɗumama ƙafa ce. Ammi Bakur ya ɗauka ruwan wanka aka ajiye masa, ya juye ta a bokiti. Lokutan salla ma sai da muka yi shawara, domin rana ba ta faɗuwa sai mutum ya fara gyangyaɗi, kuma kafin ya yi barcin kirki gari ya waye. Da safe ana kawo wani kunu mai kauri da gishiri maimakon sukari, da ƙwai, da kifi banda. Madam Jin da Ammi Bakur suka raba kicin ba tare da sun san yaren juna ba. Kwana biyu suka yi suna harara a kan tukunya, a na uku na tarar tana ɗanɗana miyarsa da cokali, shi kuma sanye da kwat ɗin marigayi mijinta.

Kifin da ake nema shi ne wanda Larabawa ke cewa salamun, da wani ƙaninsa, turawut, wanda shi ma daga teku yake hawowa. A kogi ake ƙyanƙyasar salamun, ya tafi teku ya girma, ya dawo kogin da ya fito don ya yi ƙwai. Abin mamaki, in ya shigo ruwan daɗi ba ya cin abinci. Abu Faisal da ya ji haka ya ce ashe mun keto duniya ne don mu yaudari mai azumi.

Mai kula da ruwan sunansa Donal, gili suke ce wa irinsa. Shi ke duba tsayin ruwa da sassafe, ya ce yau wane zai tsaya a gurbi kaza, wane a kaza, domin kowane gurbi yana da suna kamar unguwa. Mutum zai saka wandon roba mai haɗe da takalmi har ƙirji, ya shiga ruwa da doguwar sandar fatsa. Ba a sa wa ƙugiya tana ko nama, gashin tsuntsu ake ɗaura mata da zare mai launi. A wurga, a bar ruwa ya ja, a matsa taki ɗaya, a sake wurgawa, haka har ƙarshen gurbi. Da rana a zauna a wata 'yar bukkar katako a sha shayi, a yi hirar kifin bara. Turawut kuwa sai duhu ya fara ake nemansa. Ban taɓa binsu ba saboda wasu ƙananan ƙwari irin ƙyashi da ke fitowa da yamma, suna shiga har cikin gashin kai.

Ni mutumin Yawuri ne, don haka batun ruwa mai iyaka bai zame mini baƙo ba. A gida ma akwai gurbin da ba mai jefa koma sai sarkin ruwa ya buɗe. Bambancin shi ne, a can kogin mallakar wata tsohuwa ce, kamar gona, Mista Ros haya ya yi. Ga shi kuma gwamnati ta ɗora tata dokar a kai.

Makon farko ba a yi ruwan sama ba. Kogi ya ja baya, kifi ya kwanta a ƙasan gurbi, kana hangensa yana hangenka. Ba wanda ya kama ko ɗaya. Ran Asabar Abu Faisal ya taka wani dutse mai santsi ya faɗa har wuya, Donal ya jawo shi ta igiyar wando. Da yamma yana rawar ɗari a falo, Donal ya leƙo ya ce gobe Lahadi ba fatsa, doka ta hana, kogi hutawa yake. Na fassara wa Abu Faisal, ya ce alhamdu lillahi. A lokacin Ammi Bakur yana kicin yana dafa masa citta.

Da hantsin Lahadi Abu Faisal yana kwance a sama da zazzaɓi, Mista Ros ya tafi gaida 'yar uwarsa a gari na gaba. Madam Jin ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, ta ce abokina yana bakin kogi tare da dogarin ruwa mai tsare dokar kogi, in yi sauri.

Na tarar da Ammi Bakur tsaye da zanensa na futa da kwat ɗin aro, yana murmushin wanda bai san abin da ake ciki ba. A gabansa wani dogon mutum ne da hular kwano, riƙe da zaren roba nannaɗe a jikin guntun katako. Na san zaren. Da shi Ammi Bakur yake kamun kifi kowace Juma'a a bakin teku a nan Jidda, inda kowa ke jefa ƙugiyarsa ba mai tambayarsa. Ya ga maigidansa ba lafiya, ya ga mako guda ba a ci ɗanyen kifi ba, ya leƙa ya ga kogi ba kowa. Lahadi kuwa a wurinmu ranar aiki ce kamar kowace. Sai ya ɗebi jatan lande a firjin Madam Jin ya sauka.

Dogarin bai ɗaga murya ba. Ya ce an yi fatsa ranar Lahadi, ba da izini ba, ba da sanda ba, kuma da jatan lande, wanda aka haramta a kogin. Ya ce aikinsa shi ne ya kira 'yan sanda, magana ta je kotu, kuma yana son sunan wanda ya kawo wannan mutum. Na fassara kalma da kalma, ban rage ba, domin ban ga amfanin sassauta abin da zai same shi ba.

Ammi Bakur ya dube ni ya ce, "Ya Ustaz, ruwa ma yana da kafili?"

Na ce a nan yana da shi.

Da na kai ga 'yan sanda murmushin ya ɗauke, ya nemi dutse ya zauna. Dukanmu mun san halin Abu Faisal. Ba ya zagi, ba ya faɗa, amma ya taɓa sallamar direban da ya daɗe da shi don kawai an ambaci sunan maigidan a ofishin 'yan sanda.

"In ya ji shurɗa, halas," in ji Ammi Bakur, yana nufin 'yan sanda. "Ni tsoho ne, ko ina na mutu. 'Yan matan nan fa? Hausar ma ba su iya ba, Ustaz. Ina zan kai su?"

Ana haka Donal ya iso da kwat ɗin coci, Madam Jin ce ta buga masa waya. Shi da dogarin sun san juna. Suka yi magana da sauri cikin irin Turancinsu wanda rabi kawai nake tsinta. Na dai ji Donal yana cewa baƙo ne, bai sani ba, dogarin yana cewa kowa haka yake faɗa. Na yi ƙoƙarin cewa mutumin gwanin kamun kifi ne a ƙasarsa, Donal ya katse ni, ya ce ba gwaninta a ciki, ko shi Abu Faisal ya jefa jatan lande a wannan gurbin zai kama, shi ya sa aka hana. Sai dogarin ya ce a nuna masa kifin.

Ammi Bakur ya kai mu 'yar gaba kaɗan. A gefen ruwa, inda bai kai gwiwa ba, ya jera duwatsu ya yi ɗan shinge, ya rufe da ganye. Ya ɗaga ganyen, ga salamun tsawon hannu tun daga kafaɗa, kunnuwansa suna buɗewa suna rufewa. A zafin Jidda kifi ba ya jimawa yake lalacewa, saboda haka mai ƙugiya ba ya kashe abin da ya kama sai zai tashi. Shi kuwa, kamar yadda ya gaya mini, bai shirya tashi ba, yana neman na biyu ne don Madam Jin. Wannan ɓangaren ban fassara ba, tunda ba a tambaya ba.

Dogarin ya sunkuya ya duba kifin. Can ya ce in kifin ya koma da ƙarfin kansa, zai riƙe zaren, ya gaya wa mai kogin da baki, shi ke nan. In ya mutu kuwa, mataccen kifi ne ranar Lahadi, ba shi da yadda zai ɓoye.

Donal ya janye duwatsu biyu. Kifin ya fito, ya tafi kamar kamu ɗaya, sai ya kife ya nuna farin ciki, ruwa ya fara jansa. Donal ya yunƙura zai shiga da takalmin coci, amma Ammi Bakur ya riga shi, ya tare kifin da hannu biyu, ruwa har cinya. Daga bakin gaɓa Donal yana faɗa ina fassarawa: hannu ɗaya a gindin wutsiya, ɗaya a ƙarƙashin ciki, kai ya fuskanci inda ruwa ke zuwa, kada ya matse, kada ya girgiza shi, ya tsaya kawai.

Ya tsaya. Ruwan nan daga duwatsu yake gangarowa, ni da na tsoma yatsa sai da na janye. Na ga leɓunansa sun yi fari. Yana sunkuye yana yi wa kifin magana ƙasa-ƙasa.

"Yalla ya habibi, yalla. Ni na ɓata maka, ma'alesh. Tashi ka tafi gidanku, in tafi namu."

Ya gwada saki, kifin ya sake kifewa, ya sake tarewa. Dogarin ya duba agogo. Ni kuwa duk addu'ar da ta zo bakina karantawa nake yi. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai ga wutsiyar ta motsa sau ɗaya, ta sake, Donal ya ce kada ya sake shi, ya bari shi ya ƙwace. Sai kifin ya yi wata girgiza da ta watsa wa Ammi Bakur ruwa a fuska, ya suɓuce, muka ga inuwarsa ta nufi tsakiyar gurbi ta nutse.

Dogarin bai tafi nan take ba. Ya gangara ƙasa ya tsaya yana duban ko farin ciki zai taso. Bai taso ba. Ya dawo ya cusa zaren a aljihu, ya ce in gaya wa tsohon ya je ya sha abu mai zafi.

A hanyar komawa Ammi Bakur ya roƙe ni kada maigida ya ji. Na ce Donal dole ya gaya wa Mista Ros, gara ya ji daga bakinmu. Na hau sama na sami Abu Faisal a kishingiɗe, na ba shi labari yadda nake karanta labarai: wane ne, a ina, me ya faru, yaya aka ƙare. Ya saurara idonsa a rufe. Ya tambaya ko an rubuta sunansa, na ce a'a. Ya tambaya ko Ros ya sani, na ce zai sani kafin dare.

"To," in ji shi. "Sai mun je Jidda."

Mista Ros da ya ji dariya ya yi har da hawaye, amma ya ce al'ada ita ce a je a ba mai kogin haƙuri. Washegari Abu Faisal, da murarsa, ya saka mishlahi, alkyabbar Larabawa, ya ɗauki kwalin dabino, na raka shi gidan tsohuwar. Ta bar mu a tsaye a zaure tare da karnukanta kafin ta fito. Ta karɓi haƙurin da ladabi, ta ce tana fata ba za a sake ba. Ban taɓa ganin Abu Faisal yana ba wani haƙuri ba sai ran nan.

A mako na biyu aka yi ruwa, kogi ya cika ya yi launin shayi, kifi ya motsa. Mista Ros ya kama, Abu Faisal ma ya kama ɗaya, Donal ya ɗebo shi da koma mai mariƙi, aka ɗauki hoto. Ammi Bakur ya yi masa sayyadiyya, shinkafa da kifi irin ta Jidda. Ya cinye tas, bai ce ta yi daɗi ba, bai ce ba ta yi ba. Tun ran Lahadin ba abin da ke haɗa su sai kawo da ɗauke. Ammi Bakur bai ƙara kallon ko tagar da ke fuskantar kogi ba. A jirgin dawowa bai taɓa abinci ba, carbi kawai yake ja.

Mun sauka Jidda da azahar, zafin gida ya tare mu tun daga ƙofar jirgi. Hamza, mai bin takardun kamfanin Abu Faisal, yana jiranmu a waje da 'yar jakarsa. Kowa a nan ya san tsarin: in ma'aikaci ya dawo, fasfo ya koma hannun kafili, a mayar masa da iƙamarsa. Wanda aka bari da fasfonsa a hannu ya san ma'anar haka. Ammi Bakur ya fito da nasa ya riƙe da hannu biyu. Hamza bai karɓa ba, ya dubi maigida, domin an riga an buga masa waya daga can an ce ya jira umarni. Abu Faisal ya wuce mu har ya kai ƙofar mota, direba ya buɗe masa. Sai ya juyo.

"Hamza, karɓi fasfon, ba shi iƙamarsa." Ya dubi Ammi Bakur. "Ya Bakur, gobe kifi nake so. Kasuwa za ka je, ka saya a hannun mai shi."

"Hadir," in ji Ammi Bakur, wato an gama.

Da motar ta tafi ya zauna a kan buhun kicin, ya jima bai tashi ba, ni da Hamza muka tsaya muna jiransa a rana. Tasi ɗaya muka shiga, na sauke shi a Karantina, bayan tankin ruwa, na wuce unguwarmu Kurayyat.

Makon jiya iƙamar ta cika, aka sabunta masa ita, tare da matarsa da 'ya'yansa biyu.